Jar Saniyar da Na Bari a Rumbu

Kawuna ne ya ɗauke ni aiki, bayan Inna ta yi ta sintiri gidansa har takalminta ya cinye. Ofishinmu shago ne a Daura, tsohon gidan kallo da aka rufe zamanin da aka kafa shari'a. A nan muke rubuta manhajar da dillalan shanu na kasuwar Mai'adua suka ce a yi musu, ta rajistar duk saniyar da ta shigo, don maganin masu kawo ta sata.

Muna da gwaje-gwaje, wato ƙananan shirye-shirye masu duba ko manhajar na aiki. In lafiya lau, allo ya nuna kore, in da matsala ya nuna ja. Nawa daban, na Kawu daban, amma duk a rumbun bayanai ɗaya suke zuba shanun ƙarya. Na ce a raba. Ya kalle ni sheƙeƙe.

"Ɗana, mu a gidan nan kwano ɗaya muke ci. Boko ne ya koya maka ware kai?"

To, kwanon nan ya ishe ni. Yau gwajina kore, gobe ja, ban taɓa ko harafi ba. Ashe bijiman Kawu ne ke kwana a rumbu suna ɓata mini ƙidaya. Shi kuwa ya ce hannuna ne ba albarka, in ja ya sake fitowa in koma gida tsinkar gyaɗa. Wallahi na ji tsoro, don ban san da wane ido zan kalli Inna ba.

Ranar da ya tafi ɗaurin aure garin Babban Mutum, na zage. Kowane rukunin gwaji na ba shi rumbunsa, sabo fil, a share shi tas in an gama. Nawa suka yi kore shar. Na Kawu kuwa, ja wur daga sama har ƙasa!

Na bi sawu. Kai, abin dariya abin takaici. Kawu yakan ba sabuwar saniya lamba ne ta hanyar duba lambar ta ƙarshe ya ƙara ɗaya. In rumbu wayam yake, babu ta ƙarshe, sai manhajar ta sume. Duk watannin nan wata jar saniya da gwajina ke mantawa a ciki ce ke rufa masa asiri. Injiniya guda, saniyar ƙarya ke goye da shi.

Da ya dawo na nuna masa cikin ladabi, har da rusunawa. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Na bar abu kore, na dawo na tarar da ja, kuma ni ne mai laifi? Ɗan zamani!"

Ya goge gyarana, allo ya koma kore, ya sallame ni. Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata, ta ce na tsinka ta a gaban ƙaninta. Wannan ya fi korar ciwo.

Ran Lahadin da aka buɗe manhajar a kasuwa, ina gona. Rumbun manhajar kuwa sabo ne, ba ko ɗan maraƙi a ciki. Wajen hantsi waya ta yi ƙara, na ɗauka. Ina jiyo kukan shanu da dillalai suna ta "Haba Injiniya!" Muryar Kawu ta yi laushi tuɓus.

"Ɗan albarka, kana kusa?"

Na miƙa wa Inna wayar, tana tsaye da kwanon furar da ta kawo mini. Na ce, "Ƙaninki ne. Tambaye shi me yake nema wurin marar albarka."