Ruwan da Ya Fashe a Minti na Huɗu

Asabar: Suki zuwa Madani

Na fita gida ƙarfe biyar da minti goma, bayan sallar asuba, da jaka ɗaya da ƙullin soyayyiyar gyaɗa. Gyaɗar ta Hajjo ce, matar yayana Haruna, ta ce in kai masa. Ta rako ni har bakin ƙofa. "Gafir," ta ce, "kar ka dawo mani da takardar likita. Shi nike so." Haka take kirana, don shekara ashirin da shida na yi ina buɗe ƙofar ruwa ina rufewa a babbar tur'ar da ke shayar da gonakinmu.

Ga dalilin tafiyar. Yaya Haruna ya kwana goma sha tara a wani asibiti a Madani. Zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya barci sai a jingine. Magani ya sauke kumburin. Amma 'yarsa Zainabu, wadda ke aure a can, ta bugo waya ta ce likita ba zai sallame shi zuwa ƙauye ba sai ya yi tafiyar minti shida bai tsaya ba. An gwada sau biyar, kullum a minti na huɗu yake karyewa. Idan ya kasa ranar Laraba, zai zauna wurinta a birni, a ba wani hawasharsa, wato gonar da yake nomawa tun kafin a haife ta.

Hafila, wato motar haya, ta tashi shida saura minti ashirin. Mun tsaya sau ɗaya wurin bincike, aka duba katin kowa, aka matsa ƙullin gyaɗata aka mayar mani. Bakwai da minti goma muka hau kan dam ɗin Sinnar. Na duba ruwa, yana nan daidai inda ya kamata a wannan wata.

A Sinnar na ci ful, wato dafaffen wake, da burodi, na sha shayi, na shiga motar Madani takwas da minti biyar. Tafiyar ta kai kilomita ɗari. Direban yaro ne a hali, ko da yake da furfura a gemunsa. Bayan Wad Haddad na ce masa ya rage gudu, asibiti za ni amma da ƙafata nake so in shiga. Ya ce, "Ya Hajji, motar ce ke son gida." Na ce to ya gaya mata akwai mutane a cikinta. Ya rage. An tsayar da mu sau biyu, muka iso goma sha ɗaya saura minti goma. Na sauka gidan Zainabu, aka ba ni gadon igiya a inuwar darbejiya.

Lahadi: asibiti

Tara daidai muka shiga, ni da Zainabu. Na sami Yaya ya rame, amma idonsa na nan yadda na san shi. Mai jinya ta karɓe gyaɗar, ta ce da gishiri, an hana shi. Shi kuwa sai ya tambaye ni ko an ba dawarsa ruwa na uku. Na ce an ba ta.

Goma da rabi aka kai shi ɗakin motsa jiki. Mai kula da ɗakin wata mata ce, Sit Amal, 'yar birni, mai tsari, abin da na yaba. Ta yi mani bayani da Larabci bi da bi. Na farko, zuciya mai rauni ba a barinta kwance, ana horar da ita da tafiya kaɗan kaɗan. Na biyu, akwai injin da shimfiɗarsa ke tafiya ƙarƙashin ƙafa, mutum na riƙe da ƙarfe hagu da dama. Na uku, tsofaffin manoma sun ƙi hawansa, sun ce ba sa tafiyar da ba ta kai ko'ina. Shi ya sa aka samo wani tabarau mai kamar akwati, ana ɗaura shi a fuska, mutum ya ga kansa a wani wuri, duk inda ya juya kai wurin na nan. Da farko an nuna wa Yaya wani daji na ƙasar waje da tafki. Ya ce ba a aike shi can ba. Sai suka sa hoton da suka ɗauko a wata gona kusa da Madani, ya yarda.

Aka ɗaura masa, aka maƙala masa abin awon bugun zuciya a yatsa. Na duba agogona. Minti na farko lafiya, na biyu lafiya, na uku lafiya. Da minti na huɗu ya shiga sai na ga ya ɗaga ƙafa da sauri, ya saki ƙarfen dama, ya sunkuya. Na'ura ta yi ƙara, Sit Amal ta kashe inji, aka zaunar da shi yana haki. Ta ce kullum haka ne, jiri ke ɗibarsa, da alama iyakar ƙarfin zuciyar ke nan.

Ban yarda ba. Na ga mutane da yawa jiri ya ɗebe su a rana. Mai jiri yana neman abin riƙewa, ba ya sakin wanda ke hannunsa. Na tambayi Yaya da Hausa abin da ya gani. Ya kau da kai. Na roƙi a ɗaura mani tabarau, ina tsaye a ƙasa.

Na ga kaina a bakin abu ishirin, ƙaramar magudanar da ke raba ruwa ga gonaki. Auduga a hagu, hanya a dama. Har tattabaru na gani. Ina tafe, ina tafe, sai ga shi: gaɓar magudanar ta fashe faɗin kamu biyu, ruwa na zuba kan hanya, yana tafiya a banza. Ban san lokacin da na miƙa hannu neman fartanya ba. Zainabu ta ce har ƙafa na ɗaga.

Na cire na gaya wa Sit Amal. Ta duba allonta, ta ce ita ta ga wurin sau da yawa, ta ɗauka ruwa ne mai kyan gani, mai ɗaukar hoton ma don haka ya tsaya a kansa. Na ce a wurinmu wanda ya ga fashewa ya wuce, ko gonar maƙiyinsa ce, ba a sake gaishe shi da daraja. Ana tare ta da gudu, kafin ta ci gaɓa.

Yaya ya ce, kansa a ƙasa, "Na san hoto ne, Idi. Ƙafar ce ba ta sani ba. Mi zan ce ma ɗiyar mutane, in ce ina toshe ruwan ƙarya?"

Litinin da Talata

Sit Amal ta kai wa likita labari, ta dawo ta ce za a yanke wurin daga hoton. Na ce kada a yanke. A gonarmu gaɓa na fashewa kusan kowane mako, kuma can babu mai kashe inji. Idan bai koyi wucewa a nan ba, a can zai faɗi. Likita ya amince, da sharaɗin ta tsaya kusa da shi.

Litinin na tsaya a damansa da agogo. Da minti na huɗu ya gabato na ce, "Yaya, ni ne gafir. Na gani, aikina ne. Wuce." Ya yi sauri duk da haka, amma bai saki ƙarfe ba. An tsayar da shi a minti huɗu da rabi. Da ya huta ya ce tun ina aiki ma ban taɓa zuwa kan lokaci ba. Wannan ba gaskiya ba ne, amma na ƙyale shi.

Talata na sauya dabara. Na ce ya yi tafiyar mai ba da ruwa, wanda ke bin ruwa a kunya, ba ya wuce shi, ba ya barinsa. Ya kai minti biyar da daƙiƙa ashirin. Da yamma Zainabu ta nuna mani ɗakin da ta share masa, har da sabuwar tabarma. Ban yi mata faɗa ba, tsoro ne ya sa ta.

Laraba

Likita da kansa ya zo, goma da rabi. Ya ce in yi shiru, na yi. A minti na huɗu na ga yatsun Yaya sun damƙe ƙarfe, kansa ya juya dama, ya bi wurin da kallo har ya bar shi a baya. Ƙafarsa ba ta sauya ba. Minti shida suka cika. Aka rubuta masa sallama da doka huɗu: magani safe da yamma, ba gishiri, tafiya kullum a hankali, ba fartanya. Zai dawo a duba shi bayan wata ɗaya.

Alhamis: komawa

Mun bar Madani shida da rabi, na sa shi a kujerar gaba. Sinnar tara da kwata, muka huta awa ɗaya a rumfar mai shayi. Mun iso Suki goma sha biyu saura kwata. Hajjo ta dube shi, ta dube ni, ta ce takardar fa? Na ba ta, na ce duka biyun na kawo.

Bayan la'asar ya ce sai ya ga dawarsa. Muka tafi a hankali, ni da agogo. Kafin mu kai, a gonar maƙwabcinsa Sale, muka tarar gaɓa ta fashe, ruwa na bin hanya, ga fartanya an jingine a bakin magudana. Yaya ya tsaya. Ya dubi fartanyar, ni kuma ina duban ƙafarsa.

"Gafir," ya ce, "ka gani?"

Na ce na gani. Na naɗe wando na shiga taɓo, shekara huɗu bayan na bar aiki. Shi kuwa ya wuce da tafiyar mai bin ruwa, yana waiwaye, yana gaya mani ƙasar da nake ɗiba ta yi laushi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Sit Amal da ta saurari tsohon gafir, da Zainabu da ta naɗe tabarmarta ta bar shi ya dawo gida.