Yaya Balarabe da Kujerar da Ta Riƙe Shi

Shekara tara ke nan da aka bugo mini waya daga Amurka aka ce Yaya Balarabe ya rasu. Ina zaune a zauren gidanmu na Ƙofar Kuyambana ina jiran la'asar. Ɗansa ne ya kira, yana Turanci yana kuka. Ni kuwa Turancina na tsohon malamin firamare ne, sai da ya maimaita sannan na gane.

Yaya Balarabe wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma likitan dabbobi ne. Ƙaro karatu ya kai shi Amurka, da niyyar ya dawo da zarar ya gama. Sai aiki ya jefa shi wata jiha ta makiyaya da manoman masara, inda daga gida zuwa gida sai da mota. Yawancin mutanen wajen ba su taɓa zama da baƙar fata ba, balle Musulmi. Amma idan saniya ta kasa haihuwa ana tsananin sanyi, shi ne mai zuwa. Suka gutsure sunansa suna ce masa Dakta Bal. Ya auri 'yar garin, suka haifi 'ya'ya biyu, ya zama ɗan ƙasa.

Da wakilin yankinsu a majalisar dokokin jiha ya yi ritaya, manoman da kansu suka zo suka ce ya tsaya, a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Mu nan muka yi ta mamaki, shi ko a jikinsa. Ya ce mini, “Sani, mutanen nan kamar dattawan unguwarmu suke. Ba sa son gidan caca, ba sa son gwamnati ta shiga tsakanin uba da ɗansa, haraji kuwa yadda Baba ya tsane shi haka suka tsane shi.” Ya ci zaɓen. Shekarunsa na farko sun yi masa daɗi. Ya yi aiki a kan ruwan gonaki da cutar shanu, idan ya kira ni muryarsa a sake take.

Daga baya iska ta juya. Jam'iyyarsa ta fara ɗaukar zafi a kan baƙi, musamman Musulmi. Ɗan majalisa zai miƙe ya yi ta maganar haɗarin da ke tattare da mu, idan ya zauna sai ya dafa kafaɗar Yaya ya ce ai ba da shi yake ba. Duk ranar da aka zarge su da ƙiyayya, shi suke turawa gaba a ɗauki hoto. A masallacin babban birnin jihar kuma, wasu suka daina ba shi hannu bayan sallar Juma'a. Na tambaye shi me zai hana ya sauka ya huta. Ya ce, “In na sauka na san wanda zai hau. Gara ina ciki ina rage wa abin kaifi.” Wasu ƙudurorin ya rage musu kaifin. Wasu kuwa ya ɗaga musu hannu kansa a sunkuye.

Ana cikin haka ciwon Inna, mahaifiyarmu, ya tsananta. Lokacin majalisarsu na zama, rinjayen ɓangarensu kuma bai taka kara ya karya ba, shugabansu ya roƙe shi kada ya motsa sai an gama. Na kara wa Inna waya a kunne, ta ce masa, “Ka gama aikin mutane ka zo, ina nan.” Da ya iso har mun yi sadakar uku.

Zuwan nan nasa na ƙarshe ba ya fita mini a rai. Ya zauna a zaure karɓar gaisuwa cikin babbar rigata, don tasa ta matse shi. Wani zai yi masa ta'aziyya ya ƙare da roƙon a taimaka wa ɗansa ya samu fita ƙasar waje. Wani malamin unguwa ya gaishe ni, ya gaida ƙannenmu, ya tsallake shi. Da yamma muka taka zuwa Ƙofar Kibo, ya nuna mini wani fili a gefen ganuwa ya ce nan zai gina asibitin shanu idan ya dawo. Na ce yaushe? Ya ce bayan wannan zangon majalisar. Sai dai matarsa da 'ya'yansa ba su san wani gida ba sai can, kuma duk ƙarshen zango akwai dalilin ƙara wani.

Rashin samun jana'izar Inna ya canza shi. Ya koma ya ɗauki magana ɗaya ya riƙe. A jiharsu ba a yarda a binne mutum sai cikin akwati, don haka Musulmi kan yi doguwar tafiya da gawarsu zuwa wata jiha. Ya kawo ƙudurin da zai ba da damar binnewa da likkafani kawai. Da harshen jam'iyyarsa ya kare shi, ya ce ina ruwan gwamnati da yadda iyali za su binne mamacinsu? Aka yi ta danne ƙudurin a kwamiti. A ƙarshe suka ce za su saki ƙudurin idan ya mara musu baya a wani ƙuduri na yanke tallafin 'yan gudun hijira. Ya amince, ƙudurinsa ya zama doka. Ranar da ya kira ni, na ce masa barka. Ya ce, “Kada ka yi mini barka, Sani. Da haƙƙin masu rai na saya wa matattu wuri.”

Yana kan kujerar zuciyarsa ta buga. A sabuwar maƙabartar Musulmi da aka buɗe a jihar aka binne shi da likkafani. Ɗansa ya ce manoma ne suka kawo motar haƙa, suka tsaya a bayan sahu hulunansu a hannu. A cikin sahun kuma har da waɗanda suka daina ba shi hannu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Filin nan na Ƙofar Kibo an cika shi da shaguna. Samarin unguwa kowa idonsa a waya, hankalinsa a kan hanyar fita. Siyasar can kuma, yadda muke ji a rediyo, ta fi ta zamaninsa zafi. Ban sani ba ko da har yanzu zai ce gara yana ciki.

A unguwa har gobe ba a daidaita a kansa ba. Wasu na cewa ya sayar da kansa, wasu na cewa ya yi iya yinsa. Ni na san akwai iyalan da suka rasa tallafi da hannunsa, na kuma san akwai bayin Allah da ke kwance suna fuskantar alƙibla ta dalilinsa. Ban iya auna su ba, na bar wa Mai awo. Allah Ya gafarta masa.

Abin da ya rage mini shi ne in tsaya a kan kabarinsa in yi masa addu'a. Na nemi biza na je aka yi mini tambayoyi, aka hana ni. Sun ce ban gamsar da su cewa zan dawo gida ba.