Ranar da Kawu Ya Rufe Tagogi

A gidanmu ni ake tambaya shekarar da aka haifi wane, ko waye ke tsaye a gefen hagu cikin tsohon hoto. Don haka ni ya kamata in rubuta labarin Kawu, ƙanen Innarmu, har da inda ba na son a karanta.

Shekara ashirin da biyu Kawu ya yi a gidan rediyo. Gajere ne mai ƙatuwar murya. Masu jin sa kullum da safe, in an nuna musu shi sai su riƙa leƙen bayansa suna neman mai muryar. Da tashar ta buɗe shafin intanet, aka ce duk wanda bai iya haɗa murya da hoto da bidiyo ba za a mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin kaset. Kawu ya sayi jakar goyo, ya shiga karatun digiri na biyu na ma'aikata, Asabar da Lahadi.

"Tsohon ɗalibi, an yi aikin gida kuwa?" Inna takan tsokane shi.

"Yaya, ki ƙyale ni. Malamin namu ma ni na koya masa riƙon makirufo."

Aikin kammalawa fim ne na minti goma sha biyu. Ya zaɓi Kaka, mahaifiyarsu, wadda ta yi shekara arba'in a kan keken ɗinki. Wata guda ana lallashinta.

"Sau ɗaya zan zauna," ta ce. "Ni ba 'yar fim ba ce."

Ni aka ba kyamara, wai hannuna ba ya rawa. Kawu ya shiga ɗakin Kaka, ya tafa hannu sau biyu, ya karkata kunne. Ya ce ɗakin yana amsa kuwwa, ga kuma ƙarar babura daga titi. Ya kashe fanka, ya rufe tagogin nan biyu, ya rataya bargo a kan kowacce, kamar yadda suke yi in za su ɗauki murya.

"Kai, gasa ni za ka yi?" in ji Kaka.

"Yanzu za mu gama, Mama."

Na duba allon kyamara. Duhu ne dunɗum, sai farin ɗankwalinta da ɗan ƙyallin keke. Har na buɗe baki, amma Kawu ya riga ya sa abin ji a kunne, ya lumshe ido, ya ɗaga mini yatsa in yi shiru. Na ce a raina, mai digiri na biyu da mai sakandare, wa zai gyara wa wani? Wataƙila a kwamfuta ake ƙara haske. Gaskiyar magana dai, tsoro na ji kada ya ce na cika iyayi.

Awa ɗaya da rabi Kaka ta yi tana ba da labarin da ba mu taɓa ji ba. Ta faɗi yadda ta ɗinka wa Kawu rigar makaranta da ragowar yadin mutane, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya shekara yana tafiya a karkace don ya ɓoye. Ta yi dariya har tana share ido. Ni na gani, domin idona ya saba da duhun. Kyamara ba ta gani ba.

Mako uku Kawu ya yi yana tace muryar, ido a rufe kamar yadda ya saba. Bai buɗe bidiyon ba sai ana saura kwana huɗu a miƙa aiki. A lokacin Kaka ta kwana goma a asibiti, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke.

Ya kira ni falo, ya juyo mini da kwamfuta.

"Kin gani? Tun da nake aiki ban taɓa tambayar ko ana ganin mutum ba. Laifina ne. Ke ai abin da na sa ki kika yi."

Na sunkuyar da kai, ya ɗauka tausayinsa nake ji.

Malamansa suka ce muryar ta yi kyau ƙwarai, amma wannan shirin rediyo ne, sai ya maimaita shekara. A wurin aiki aka ba shi mabuɗin ɗakin kaset. Kaka ta dawo gida, tana gane mu, tana nuna abin da take so da hannun hagu.

Bana wani mai gyaran agogo Kawu yake ɗauka, kuma ni ya sake ba kyamara, wai ni kaɗai ya yarda da ita. Asabar ɗin da ta wuce, muna jiran mota a bakin titi, na kasa daurewa.

"Kawu, ranar nan a ɗakin Kaka, na ga duhun."

Ya daɗe yana kallon motoci.

"Tun a minti na nawa?"

"Na farko."

Ya gyara zaman jakarsa a kafaɗa. "Ga mota can. Riƙe kyamarar da kyau."