Marufin Kunne a Kan Gorar Ruwa

Duk daɗewar da zan yi a aikin nan, akwai wata Laraba da ba za ta fita daga raina ba. Cikin tsakiyar zafi ne, a shekarata ta biyu a filin harbin da ke bayan garin Doha. Ku da kuka zo daga baya kuna yi mini dariya idan kun ga na tsare baƙo ina lalubar bayan kunnensa kafin ya shiga layi. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

Lokacin ni ne mai kula da sito. Kafin in zo ƙasar nan na yi ɗan sanda a Kano har na kai sajan, shi ya sa sunan ya bi ni. A samanmu akwai mudir, wato manaja, wanda muke kira Abu Khalid. Ƙarƙashinsa akwai jami'an layi, su ne masu tsayawa bayan maharba, su ba da umarnin a ɗura harsashi, a yi harbi, ko a dakata. Babba a cikinsu shi ne Baba Issaka, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa. Aikina shi ne in ba kowa tabarau da abin kare kunne in ya shigo, in karɓa in zai fita. Abin kare kunnen iri biyu ne. Akwai ɗan soso da ake murzawa a cusa cikin kunne, akwai kuma marufi mai kofi biyu da ake ratayawa bisa kai. Amfanin marufin duk yana ga ƙarfen da ya haɗa kofunan. In ya matse, ƙara ba ta shiga. In ya saki, kwalliya ce kawai ka ɗora a ka.

Da na karɓi siton na tarar da shi kamar kasuwa, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama ya tafi da shi loka, wato akwatin ajiyarsa. Sai na kafa doka irin ta bariki: komai a dawo da shi da yamma, a goge, a haɗa wuri ɗaya, ma'aikaci da baƙo duk ɗaya. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan doka.

Ba a yi wata biyu ba na fara tsintar marufi wanda ƙarfensa ya buɗe. Ka sa shi a ka, ka girgiza kai, sai ya zame. Na ware na farko na ce tsufa ne. Bayan kwana uku na sami wani, sabo fil. Na ware shi, sai ga na uku. Ƙarfen nan ba ya buɗewa da kansa, sai an sa hannu an yi da gangan.

Abu Khalid ya kira ni ofis bayan wani baƙo ya yi ƙorafin kunnensa na ƙugi. Ya jera marufan da suka buɗe a tebur, guda biyar.

"Ya Sani, kai ɗan sanda ne, ko ba haka takardunka suka ce ba?"

Na ce haka ne.

"To nemo mini mai yin wannan. Mutum ɗaya ya kurumce a nan, a rufe mu. Duk wanda ka kama, khalas, magana ta ƙare, tikitinsa zan ba shi ya koma gida. Yalla, je ka."

Na fito ina huci, kuma tun kafin in kai ƙofar sito zuciyata ta riga ta yanke wa mutum hukunci. Baba Issaka. Dalilaina a lokacin suna da yawa, kuma duk na ga sun zauna daram. Shi ne ya fi kowa ɓata rai ranar da na kafa dokar. Wanda na gada a siton ɗan garinsu ne. Ga shi kuma a motar da ke ɗauko mu daga unguwarmu ta Fereej Abdel Aziz, sau nawa zan zauna gefensa in yi sallama ya yi kunnen uwar shegu da ni, yana kallon taga. Na ce a raina, wato dattijon nan so yake a ce ɗan Najeriya ya kasa riƙe sito, a dawo da nasu. Na gaya wa matata a waya, ta ce in bi a hankali. Ban bi ba.

Na samo jan farce na ɗiga lamba a cikin kowane kofi, inda ido ba ya kaiwa. Na fara rubuta wanda na ba kowa. Cikin mako guda lamba goma sha ɗaya ta dawo a buɗe, kuma Baba Issaka na ba ta. Na ware ta na ba shi lamba huɗu, sabuwa mai tauri, na ce bari in gani. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya dube ni ta saman tabaransa.

"Sajan, ina na jiya?"

"Ya lalace, Baba."

"Toh," ya ce. Ya wuce.

Ranar Larabar ce. Da hantsi wani ɗalibi ɗan Zariya mai karatun digiri na uku ya zo da abokansa, ranarsa ta farko da riƙe bindiga. Ina kallon layin ta gilashin sito. Yana rumfa ta biyu, Baba Issaka na tsaye ta damansa yana gyara wa wani tsayuwa. Bindigar ɗalibin ta cije. An koya musu in haka ta faru su bar bakinta na kallon gaba, su ɗaga hannu, su kira jami'i. Hannun ne bai ɗaga ba, ya dai yi kira. Na ga bakinsa na motsi, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Baba Issaka ko gezau. Sai ɗalibin ya fara juyowa da bindigar a hannu don ya nuna masa. Wani jami'i ɗan Sudan da ke can ƙarshe ne ya hango, ya daka tsawa ya danna ƙararrawa, kowa ya tsaya cak. Ba abin da ya faru. Amma bakin bindigar nan ya kai saitin ƙafar mutumin rumfa ta uku.

Kun san me na ce a raina? Na ce, ka gani, saboda yaron ɗan Najeriya ne ya ƙyale shi. Allah Ya yafe mini, haka na ce.

Da aka tashi sallar Azahar na yi kamar na bi sahu zuwa masallaci, sai na zagayo ta ƙofar baya. A ɗakin hutun ma'aikata akwai manyan gorunan ruwa da ake kifawa a kan injin sanyaya ruwa. Na tarar da lamba huɗu an buɗe ta an ɗaura a jikin wata cikakkiyar gora, kofi ɗaya nan, ɗaya can, kamar gorar ce za ta shiga harbi. Na zaro waya na ɗauki hoto. Na zauna na jira shi.

Ya shigo da carbi a hannu. Ya ga gorar, ya gan ni. Bai razana ba, sai dai ya ja kujera ya zauna da nauyi. Na nuna masa hoton da na ɗauka.

"Baba, wannan fa?"

"Ka gani ai."

"Don me? Me na tsare maka?"

Ya cire hula, ya cire tabarau, ya juyo mini da gefen kansa. A bayan kunnen, inda ƙafar tabarau ke kwanciya, akwai wani rami da ya yi baƙi, fatar ta yi kanta, gefe ɗaya ma ya ɗan tsage. Baba Issaka babban mutum ne, kansa ma haka, ga tabarau mai kaurin ƙafa. Marufan da muke saya girmansu ɗaya, kuma awa takwas yake yi da shi a ka cikin zafin nan.

"Abin na cin kaina, Sajan. Kafin La'asar idona ba ya gani koraa, ko kaɗan. Wancan yaro da ke sito kafin ka zo, ya bar mini guda ɗaya na buɗe shi, shi nake sawa shekara da shekaru. Kai ka zo ka ce a haɗa duka. Kullum na gyara ɗaya, gobe ka ɗauke."

Wato duk wanda na ware, ni ne na sa aka buɗe wani. Wanda ban lura da shi ba kuma ya tafi kan baƙo.

"Me ya hana ka faɗa?"

"In je in ce ma mudir kaina ya yi girma?" Ya ɗan yi dariya, dariyar ba ta kai ko'ina ba. Ya miƙe ya juya zai rataye hularsa.

A nan ne wani abu ya faɗo mini. Yana tsaye, kunnensa na hagu na wajena. Na ce, da murya daidai, ba ƙasa-ƙasa ba, "Baba Issaka." Bai juyo ba. Na sake. Shiru. Na tuna a mota kullum shi ke zama jikin taga ta dama, ni ina hagunsa. Na tuna ɗalibin nan ta hagunsa yake. Na zagaya ta dama na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce ya kai shekara biyu. Da farko ƙugi ne kamar na tsohon firji, daga baya ya zama shiru. Bai je asibiti ba, don asibiti za su rubuta, takardar ta zo ofis, kuma jami'in layi da ba ya ji ba shi da wurin zama. 'Yarsa na karatun jinya a Kumasi, saura shekara ɗaya da rabi.

"Ka goge hoton, Sajan. Ni da kai Hausa ɗaya muke yi a ƙasar mutane."

Ban goge ba, ban kuma kai ba. Kwana biyu ina yawo da shi a aljihu kamar garwashi. Na tsani kaina a kan zargin da na yi masa, amma hakan bai canja abin da na gani ta gilashi ba. Ranar Juma'a bayan La'asar na same shi a Corniche, bakin teku, inda yake zama yana kallon jiragen ruwan katako. Na zauna ta damansa. Na ce masa ba zan iya rufe wannan ba, gobe wani zai juyo da bindiga kuma ɗan Sudan ba zai kasance a wurin ba. Na ce mu je wajen Abu Khalid tare. Ya ce in dai na kai shi, kada in ƙara gaishe shi. Na ce na ji.

Ranar Asabar na shiga wajen Abu Khalid ni kaɗai. Na nuna hoton, na faɗi komai, har da dokata da ta jawo aka buɗe guda bakwai maimakon ɗaya. Ya ce maganarsa ɗaya ce, tikiti. Na ce ya tuna kayan da muka saya ne suka huda wa mutumin kai har ya kai ga haka. Ya ce ko ya so, ba shi da gurbin da zai sa shi.

Na ce, "Akwai sito."

"Kai fa?"

"Ina da takardar koyar da harbi tun daga gida. Ka mai da ni layi."

Ya dube ni kamar na zautu. Siton nan da sanyin na'ura da kujera mai juyawa, layi kuwa rana ce da hayaƙi da tsayuwa. Ni ma ban san lokacin da maganar ta fito ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, watan farko na yi nadama kusan kullum.

Aka kai Baba Issaka asibiti. Kunnen hagu ya tafi, na dama ya ragu amma yana nan. Aka kuma ce mu zaɓo sababbin kaya, kuma shi aka ba aikin gwadawa. Kowane samfuri sai ya sa shi wuni guda cur, da tabarau, kafin ya ce e ko a'a. Shi ya kawo masu matashi mai laushi da ke lanƙwasawa a kan ƙafar tabarau, da girma uku maimakon ɗaya, da tabarau masu siririn ƙafa. Shi ya ce a ɗakin harbi na ciki kowa ya haɗa soso da marufi. Shi ya ce mai hula ko ƙyallen kai ya janye shi daga kunne kafin ya rufe, ko waye shi. Kowane ma'aikaci kuma aka ba shi nasa da sunansa, dokata ta mutu, ban yi mata kuka ba.

Abin da na koya shi ne, kayan kariya da ke cutar da mutum ba zai sa shi yadda ya kamata ba, kuma mutanenmu, musamman manya, ba za su ce yana cutar da su ba. Za su gyara abinsu a ɓoye su yi shiru. Shi ya sa ba na tambayar baƙo ko ya yi masa daidai, don zai ce e. Nakan sa yatsa in duba da kaina.

Baba Issaka ya cika alkawarinsa, wata huɗu bai amsa gaisuwata ba, kuma wannan karon ta dama nake gaishe shi. Kullum da safe zai miƙo mini marufina ta taga ba tare da ya ɗago ba. Wata rana na karɓa na juya, sai na ji ya ce, "Sajan, dawo." Ya fito daga siton, ya cire mini hula, ya gyara kofin hagu da ya hau kan ƙafar tabarau, ya danna shi da tafin hannunsa sau biyu. Na ga bakinsa ya motsa, ban ji komai ba.

Na ɗaga kofi ɗaya na ce, "Me ka ce, Baba?"

Ya ce, "Ba ka ji ba? To ya zauna. Je ka."