Yaya Uwani Da Wandunan Malam Lawan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, Allah ya karɓi ran Hajiya Uwani ta Daurawa, maƙwabciyar gadona a sashen wankin ƙoda. Sista Comfort ce ta gaya mini washegari, tana ɗaura mini allura. Na ce Allah ya jiƙanta. Na dubi gadon, har an kwantar da wani dattijo. Injin yana ta juyawa kamar kullum. Ban ji komai ba, Yaya Uwani, har yau kuma ban fara ji ba.

Ba jini ya haɗa mu ba, sai dai injin da ke wanke shi. Ke mai sayar da atamfa a kasuwar Tarauni, ni malamar jami'a daga Gyadi-Gyadi. Kika raɗa mini Dakta tun kafin in gama digirin, don tsokana.

Kin san abin da ke gabana. Ƙanena Inuwa ya yarda zai ba ni ƙodarsa, amma likita ya ce zuciyata ba za ta ɗauki aikin dashen ba sai ta ƙara ƙarfi. A lokacin ne aka kawo mana ƙananan kekuna marasa taya, waɗanda ake ɗaurawa a ƙarshen gado, mutum yana tuƙawa ana wanke masa jini. Aka ce suna taimakon zuciya, suna rage kumburin cikin jiki. Maza suka hau tuƙi. Mu mata muka kalli silin. Ɗaki ɗaya ne da mu da su, labule bai kai ko'ina ba, wace matar aure ce za ta ɗaga ƙafafu sama da zani? Wanda ya tsara abin bai taɓa ɗaura zani ba.

Mako na zagayowa sai ga ki da wandon shaddar mijinki, Malam Lawan, a ƙarƙashin zani, har da aikin surfani a bakin ƙafa. Wani Alhaji ya ce, "Hajiya, an yi juyin mulki a gida ne?" Kika ce, "Alhaji, farar hula ce ta karɓa. Tuƙa naka."

Daga nan kika riƙa zuwa da wanduna a leda kina rabawa. Kika ce ranar wata Juma'a Malam Lawan ya juye akwati yana neman na masallaci, kika ce masa suna jinya. Nawa ruwan toka ne, ya yi mini yawa, kika ɗaure shi da bakin atamfa.

Ba kya tuƙi a banza. Sai kin faɗi inda kika kai. "Dakta, na wuce Darmanawa, ke kina ina?" In na yi shiru ki ce, "Boko ya riƙe miki ƙafa?" Ranar da jiri ya kama ni na tsaya, ke ma kika tsaya, kika ce ba a barin abokin tafiya a hanya.

Ke ba ki da mai ba ki ƙoda. Ba wani aiki da ke jiranki. Na taɓa tambayarki to don me kike wahalar da kanki. Kika ce, "Rakiya na yi."

Zuciyar ce ta tsaya miki, da hantsi, kina zaune a tsakar gida. Babu wanda ya taɓa ce mana keken yana hana mutuwa, ban kuma zo da ƙorafi ba.

A makon da aka yi sadakar bakwai ɗinki aka sake gwada tawa zuciyar. Likita ya ce ta yi, a sa ranar aiki. Na fito na tsaya a bakin titin Gyadi-Gyadi, 'yan adaidaita suna ta yi mini hon, na rasa wanda zan fara gaya wa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Lawan da 'ya'ya da jikoki, da matan ɗakinmu. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya gafarta miki, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makoma. Wata mai kamawa za a shiga da ni tiyata. In aikin ya yi kyau, Allah ya kai miki ladan. In bai yi ba, Yaya, ba za ki daɗe kina jira ba.