Kifin Mai Gidana

Ina cikin takaba ɗiyata ta bar cin abinci. Cikinta ya tsufa, an dawo da ita gida Filinge don ta haihu a gabana, sai rasuwar ubanta ta riske mu. Ko hura ma sai ta kurɓa ta ture. Ungozomar likita ta duba idonta ta ce jini ya yi ƙasa, in aka ci gaba haka ba ta san yadda haihuwar za ta zo ba.

Wata safiya ɗiyata ta ce, «Inna, kifin Baba nika so.»

Mai gidana ya yi shekaru yana kuku a Yamai, gidan wasu mutanen Tailan da suka zo aikin shinkafa a bakin kogi. Can ya koyo dafa giwan ruwa, farin kifin nan, cikin ruwan kwakwa da citta da tonka, wato barkono, da ganyen sitaronel, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ya shuka bayan randa. In zai dafa sai ya rufe ƙofar gida, kada maƙwabta su ga namiji a gindin murhu. Ni dai ci nake yi. Ban taɓa dafawa ba.

Ƙanen mijina direba ne, shi na aika Yamai ya sayo kifin. Zamanin soja ne, shinge ko'ina. A Baleyara aka tsare su har ƙanƙarar da ke kan kifin ta narke. Da ya shigo bayan azahar, ya ajiye ya ce, «Yaya, shinshina ki ji. In ya juya ba ni da laihi, jandarma ka da shi.» Na shinshina. Bai juya ba, amma saura kaɗan.

Na raba shi biyu. Na goga kwakwa na tace, na daka citta da tonka, na sa 'yar daddawa kamar yadda yake sawa a madadin wani ruwan kifi da ba a samu a nan. Mu mutanen Kurfai kifin banda muka sani, kuma abin da ya fito daga ruwa ba mu yarda da shi sai ya sha wuta. Na zuba rabin, na ƙara icce, na bar shi yana ta tafasa. Da na buɗe, babu kifi. Ya narke, ƙaya na yawo a sama, kwakwar ta tsinke ta koma mai.

Daga ɗaki ɗiyata ta ce, «Ya nuna, Inna?»

«Saura kaɗan.»

Na zauna ina kallon rabin da ya rage. Wata mota sai mako mai zuwa. Na sake goga kwakwa. Ladan ya kira la'asar, na miƙa hannu ga buta, butar mai gidana ce, sai na gan shi a raina: yana janye icce, yana sa kifi, yana rufe tukunya, ya ɗauki butar nan ya tafi bakin zaure. In ya shafa kai ya wanke ƙafa, sai ya dawo ya sauke. Kullum ina ce masa ɗanye zai ba mu.

Na janye icce. Na sa kifin, na rufe. Na yi alwala a hankali, irin tasa, har da tsefe tsakanin yatsu. Zuciyata na cewa ƙara masa wuta, ciki gare ta. Na sauke. Sai a ƙasa na matsa lemun tsami, don shi ma can yake matsawa.

Naman ya tsaya fari, yana rabuwa sala-sala. Na kai mata da shinkafa, na koma bakin ƙofa, na kasa kallonta. Na ji cokali ya taɓa kwano, ya yi shiru, ya sake taɓawa.

«Baba ya fi sa tonka,» in ji ta.

«Haka ne.»

Ta share ido da gefen zane, ta jawo kwanon kusa da ita. «Akwai sauran romon?»