Gimba Buhu-Goma

Duk wanda ya taɓa harkar albasa a kasuwar Ogbete ta Inugu ya san Gimba. Buhu-Goma ake ce masa, kuma ba don yabo aka laƙaba masa sunan ba.

Yana ɗan shekara ashirin ya sauka Inugu daga wani ƙauye a ƙasar Yawuri, ba shi da komai sai gammo. Shekara goma sha takwas ya yi yana dako, har wuyansa ya zama sikeli: a ɗora masa buhu, kafin ya yi taku uku zai gaya maka ko an rage mudu. Da hannunsa na hagu ya fara mutuwa yana cikin aiki, matarsa Baiwa ta tasa shi gaba har asibiti. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce wuyan nan ya gama aikinsa. In ya ci gaba da ɗaukar kaya, wata rana zai sauke buhu ya kasa miƙewa har abada.

Gonar gadonsa ya sayar, Baiwa ta haɗa da keken ɗinkinta, aka sayi tsohuwar a-kori-kura fara. Motar nan ita ce ta karɓi wuyan Gimba, shi ya sa ya riƙe ta kamar ƙwai.

A jikin ƙofar direba akwai wani ɗan falle mai lambobi. Gimba ya sa bakanike ya karanta masa na sama, aka ce abin da za ta ɗauka bai wuce buhu goma ba. Shi ke nan, magana ta zauna. Sauran direbobi kuwa ƙarin sifirin suke sawa, wato ƙarfen da ke tallafe nauyi a ƙarƙashin mota, su lafta ashirin, mota tana tafiya tana nishi. In sun tsokane shi sai ya ce, "Kun ƙara mata sifirin, kun ƙara mata birki ne?" Su kwashe da dariya. 'Yan kasuwa ma ba sa son mai sawu biyu a inda wani zai yi ɗaya, don haka lodinsa kullum ragowa ne. Haka ya yi shekara tara bai taɓa ɗora na sha ɗaya ba.

Wata Talata da hantsi ya kai kaya Ninth Mile da ke bayan gari, yana dawowa ba komai a baya. A bakin gangaren da ke sauka Inugu ya ga motar Auta, wani direba ɗan layinsu, ta mutu da buhu ashirin da biyu a kanta. A ƙasar nan Bahaushe ba ya wuce ɗan'uwansa a hanya. In ka yi, kafin la'asar labari ya isa masallaci.

"Yaya Gimba, ka rufa min asiri," in ji Auta. "Janwe ba zai zo yanzu ba, ga hadari. In ruwa ya taɓa albasar nan na shiga uku."

Gimba ya zagaya motar, ransa bai so ba. Amma ya yi lissafi irin na ɗan dako: bayan tasa motar babu ko buhu ɗaya, ke nan duk ƙarfinta yana nan, kuma hanya gangara ce. Ya ce, "Ɗauko sarƙa in ja ka."

Abin da wuya bai taɓa koya masa ba shi ne, kayan da ke kanka daban, kayan da ke biye da kai daban. Suna shiga gangara motar Auta ta fara bin sa da gudu, don injinta a mace yake, birkinta ya ƙage kamar dutse. Gimba ya taka nasa. Nauyi ya dake shi ta baya, ƙafafun baya suka zame, aka tura farar mota har cikin kwalbati.

Ba wanda ya mutu, kowa ya ce an auna arziki. Bakanike ya leƙa ƙasa ya ce shasi ya karye, sai dai 'yan gwangwan. Sannan ya ɗora yatsa a kan fallen nan. "Malam Gimba, wannan lambar ta ƙasa fa? Ita ke faɗin iyakar abin da za ta ja." Shekara tara lambar tana gefen gwiwarsa, bai taɓa tambaya ba.

Abin takaicin, motar Auta fitila da lagireto kawai ta rasa. Auta ya zo gidan Gimba ya yi kuka ya ba da haƙuri, bayan kwana goma ya koma hanya da ashirin da biyunsa.

Baiwa ta ɓoye gammon a ƙarƙashin katifa. Gimba ya yi wata biyu yana neman mai ba shi tuƙi, amma wa zai ba Buhu-Goma mota? Ranar da tukunya ta kwana biyu ba a ɗora ba, ya naɗe tsohon rawaninsa ya yi gammo da shi, ya nufi Ogbete.

Wani dillali ya ɗora masa buhu, ya ga ƙaramin ƙunshi ya rage a ƙasa, ya tsaya yana kallonsa.

"Baba, ya isa haka ko?"

Hannun hagu ya riga ya fara sanyi. Gimba ya san nauyin da ke kansa har mudu, ya kuma san iyakar wuyan. Ya gyara tsayuwa.

"Ƙara," ya ce.